Guzurin Sabon Alƙali

A shekarar 1991 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa, wadda ke Abuja. Can ake tara sababbin alƙalai, su wuni ana koya musu ɗa'ar aiki da rubuta hukunci. Wanda ya taso daga Ijora ko Agege a Ikko, tafiyar fiye da kilomita 700 ke gabansa. Kuɗin mota da masauki da abinci duka daga baitulmali suke fitowa bisa ƙa'ida. Dalili kuwa shi ne, alƙalin da ya karɓi guzuri daga hannun mai ƙara ya ci bashin da zai biya da haƙƙin wani. Saboda haka kada kowa ya kai masa ko kwabo.