Jirgin da aka kora daga tsere, ya dawo yana tashi sama

A 1876 wani matashin injiniya ɗan Amurka, Nathanael Herreshoff, ya shigo gasar jiragen ruwa masu tafiya da iska a New York da wani abu da mutane suka yi ta kallo: siraran kwale-kwale biyu, an haɗa su da katako, jigo ɗaya a tsakiya ɗauke da filafili. Sunansa Amaryllis. Ya bar sauran jirage a baya, masu su kuwa suka tayar da ƙayar baya har aka hana irinsa shiga tserensu. Wannan shi ne katamaran. Mutanen kudancin Indiya da na tsibiran tekun Pasifik sun daɗe da sanin dabarar haɗa jiki biyu tun kafin Turawa su waye da ita. Shi Herreshoff ɗin ya koma ƙera jirage masu jiki ɗaya, ya yi suna a can.

Sirrin gudunsa ba ɓoyayye ba ne. Babban jirgi mai jiki ɗaya akan ɗaura masa dalma mai nauyi a ƙasa don kada iska ta kifar da shi. Katamaran faɗinsa ne ke riƙe shi, don haka ba ya jan wannan kaya. In iska ta yi ƙarfi, jiki ɗaya ya ɗaga sama, matuƙan su rataye a igiya su miƙe a kan ruwa don danne shi. Amma fa in ya kife, ba ya tashi da kansa.

Wanda ya sauko da shi hannun talaka shi ne Hobie Alter, mai sassaƙa allunan hawa igiyar ruwa a Kalifoniya. Ya fitar da Hobie 14 a 1968, Hobie 16 ya biyo baya ba da jimawa ba. An lanƙwasa jikin Hobie 16 yadda za a tura shi daga kan yashi, a kuma dawo da shi kan yashi, ba tare da tashar jirage ba. An ƙera fiye da 100,000, kuma har yau ana tsere da shi.

Gasar Olamfik ta karɓi katamaran a 1976 da samfurin Tornado. Reg White na Birtaniya, wanda hannunsa na cikin ƙera jirgin, shi ya ci zinaren farko. Bayan gasar Beijin ta 2008 aka cire shi, aka yi ta Landan a 2012 babu katamaran ko ɗaya. Da ya dawo a Rio a 2016, da samfurin Nacra 17, sai da sharaɗi: kowane jirgi namiji ɗaya, mace ɗaya. Zinaren ya tafi Ajantina, hannun Santiago Lange da Cecilia Carranza. Lange yana da shekara 54, kuma shekara guda kafin nan an yanke masa wani sashe na huhu saboda ciwon daji. 'Ya'yansa biyu suna fafatawa a wannan gasar, a wani rukunin.

Rukunin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Formula 18. A farkon shekarun 1990 kowane kamfani yana da jirginsa da gasarsa, mai Hobie ba ya karawa da mai Nacra sai an yi ta lissafin rangwamen lokaci bayan an gama. Wasu Faransawa biyu, Olivier Bovyn da Pierre-Charles Barraud, suka zo da shawara: a daina zaɓen jirgi, a zana iyaka. Tsawo kada ya wuce mita 5.52, faɗi mita 2.60, nauyi kada ya gaza kilo 180. Kowane kamfani ya ƙera abin da ya ga dama cikin wannan iyaka, wanda ya riga isa shi ya ci. Aka yi gasar duniya ta farko a 2000 a Erquy ta Faransa, kuma kafin a je ko'ina ana tara jirage fiye da ɗari a layin farawa.

Wannan kilo 180 ɗin da gangan aka sa shi. Ana iya ƙera jirgin ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, amma da kayan tsada. Da dokar ta ce ba amfanin rage nauyi, ta kuma taƙaita amfani da zaren kabon, ta ce jigo na alminiyam ne, sai mai kuɗi ya rasa inda zai zuba kuɗinsa ya sayi nasara. Har nauyin mutane an duba: matuƙan da ba su da jiki sosai ko su ɗauki ƙarin nauyi, ko su yi amfani da ƙananan filafilai. A ganina nan ne hikimar take, kuma ita ta raya rukunin. Hobie Tiger ya yi zamaninsa, Capricorn da Nacra Infusion da C2 suka zo suka karɓe, rukunin bai watse ba, domin ba na kamfani ɗaya ba ne.

A ajiye shi kusa da rukunin A a ga bambanci. Tsawonsu kusan ɗaya, mita 5.49, amma na A mutum ɗaya ke tuƙa shi, nauyinsa kilo 75 kacal, bai kai buhun masara ba. Can ƙofar gwaji a buɗe take. Da aka fara sa wa jiragen fikafikai a ƙarƙashin ruwa suna ɗaga jiki gaba ɗaya sama, tsofaffin jirage suka kasa bin sawu, dole aka raba rukunin biyu: masu tashi da masu bin ruwa.

A Kofin Amurka, gasar da ta faro tun 1851, katamaran ya shiga ne ta hanyar rigima. A 1988 'yan New Zealand suka zo San Diego da wani ƙaton jirgi mai jiki ɗaya, Dennis Conner na Amurka ya tare su da katamaran. Ya lallasa su sau biyu, sauran faɗan aka ƙarasa a kotu, kofin ya zauna a Amurka.

A 2013 a San Francisco aka kara da manyan katamaran masu tsawon ƙafa 72, suna tashi a kan fikafikai. New Zealand tana da 8, Oracle ta Amurka tana da 1, saura ci ɗaya a gama. Oracle ta ci takwas a jere, aka tashi 9 da 8. Shekarar ba ta wuce lafiya ba: a watan Mayu jirgin ƙungiyar Artemis ya kife wajen atisaye, Andrew Simpson, mai zinaren Olamfik, ya rasu.

New Zealand ta rama a Bamuda a 2017 da dabarar da ta ba kowa mamaki. Sauran ƙungiyoyi da hannu suke juya na'urar da ke ba jirgi ƙarfin sarrafa filafili da fikafikai. Su kuwa suka dasa kekuna huɗu a kowane jiki, har suka ɗauko Simon van Velthooven, ɗan tseren keke mai tagullar Olamfik. Ƙafa ta fi hannu ƙarfi, hannuwan kuma suka samu sararin yin wani aiki.

Daga waɗannan jirage aka samo F50 na gasar SailGP, wadda Larry Ellison da Russell Coutts suka kafa, aka fara a 2019. Jiragen duk iri ɗaya ne, kuma kowace ƙungiya tana iya duba bayanan tuƙin abokan hamayyarta. A 2022 a Saint-Tropez jirgin Faransa ya kai kilomita 99.94 a awa, da iska kaɗai. Irin waɗannan jirage kan ninka gudun iskar da ke tura su sau biyu ko uku, saboda gudun nasu yana ƙara ƙarfin iskar da ke bugun filafili.

Masu ƙananan jirage ma suna da nasu bikin. Tun 1978 ake kewaya tsibirin Texel na ƙasar Holan, tafiyar kusan kilomita 100, ɗaruruwan katamaran suna tashi lokaci ɗaya. A Amurka akwai Worrell 1000, mil dubu daga Florida zuwa Virginia Beach, wadda ta samo asali daga gardama tsakanin 'yan uwa biyu kan ko ƙaramin Hobie 16 zai iya wannan tafiya. Ana yin ta zango-zango, kowace safiya a turo jirgi cikin igiyar ruwa daga bakin yashi. A 2022 da jiragen Formula 18 aka yi ta.