Kan Sarki da Amanar 'Yan Ƙungiya

Har yau sunan da Bahaushe ya raɗa wa 'yar takardar nan da ake manna wa ambulan bai sauya ba, wato kan sarki, duk da cewa wanda aka fara bugawa da sunan Arewa a 1900 kan sarauniya ne, Victoria ta Ingila.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da masu sha'awar tara shi, shi ne yadda suke tsaron ƙofar ƙungiyoyinsu. Ƙungiyar American Philatelic Society ta Amurka, wadda aka kafa a 1886, takan buga sunan mai neman shiga a mujallarta, domin duk mamban da ya san wani abin ƙi game da shi ya yi magana kafin a karɓe shi. Wanda aka kora ma a nan ake shelanta shi. Mai karatu zai ce wannan tsanani ya yi yawa a kan abin wasan yara. To, ga dalili. Ƙungiyar takan aika littattafai cike da kan sarki na sayarwa, su zaga daga hannun wannan mamba zuwa na wancan ta gidan waya, kowa ya cire wanda yake so, ya rubuta, ya biya. Ba mai gadi, ba shaida. Da zarar mutum ɗaya ya musanya na gaske da jabu, zagayen ya watse.

Wanda ya san adashin matan Kiru ko na 'yan kasuwar Kwanar Dangora bai buƙatar ƙarin bayani. Uwar adashi ba ta karɓar zubin baƙuwa sai wata ta tsaya mata.

Inda nake da ja shi ne idan tantancewar ta tashi daga auna amana ta koma auna aljihu da muƙami. Ƙungiyar London, wadda aka kafa a 1869, George V ne shugabanta kafin ya hau gadon sarauta a 1910, kuma an daɗe ana yi mata kallon zauren manya. Idan masu sha'awa a Kano za su haɗu, ina ganin kada su kwaikwayi wannan. Dattijon Bebeji ko Doguwa da ya adana wasiƙun 'yan'uwansa na Kumasi ko Makka a adaka ya cancanci kujera, ko da bai jin Turanci, muddin akwai mai tsaya masa. Abu na farko da za a roƙe shi kuwa, kada ya ɓamɓare kan sarkin daga ambulan, domin hatimin gidan wayar ne ke ɗauke da sunan gari da kwanan wata.