Gaskiya da ƙarya game da ruwan kwata a Karaye da Rogo

Akwai magana da ta zauna a bakin jama'a a ƙasar Karaye da Rogo cewa ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta, kuma a kanta ne wasu ke kifar da shara cikin kwata da zarar hadari ya haɗo, domin ruwan sama ya tafi da ita. Abin da ke gaskiya a maganar shi ne ruwa mai yawa yana tsarma datti, hasken rana kuma yana kashe wani kaso na ƙwayoyin cuta. Sai dai leda ba ta narkewa, baƙin mai da bakanike ya tsiyayar a ƙasa kuwa yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana iska shiga, wadda kifi ke rayuwa da ita. Kwata ba ta da matata; hanya ce kawai zuwa rafi, kuma da yawa daga rafukan yankin suna ƙarewa ne a madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙaramar hukumar Karaye, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da ita.

Ana kuma jin cewa gurɓatar kogin Challawa laifin masana'antun jima ne kaɗai. Hakika dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa ya daɗe yana shiga kogin, amma waɗannan suna can kusa da birnin Kano, ƙasa da madatsar, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Abin da ya gurɓata ruwan madatsar daga samanta ya fito, wato daga gidaje da kasuwanni da gonaki: kashin dabbobi, bahaya a fili, masai da ya cika ya tumbatsa a watan Agusta, da takin zamani da aka watsa ana gab da ruwa. Taki da ya zarce buƙatar shuka yana ciyar da gansakuka da ciyayin ruwa, waɗanda ke cinye iskar ruwan idan sun ruɓe. Mafi muni, manomi da ya gama feshin maganin ciyawa yakan tsuguna a bakin rafi ya ɗauraye goyon feshinsa, alhali 'yan taku kaɗan a ƙasa yara na cika jarkoki.

Batun da ya fi buƙatar natsuwa shi ne cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba lafiyayye ne. Wannan ƙa'ida ce ta fikihun Malikiyya game da tsarkin ruwan alwala da wanka, kuma tana nan daram a fagenta, amma ba a kafa ta don auna ƙwayar kwalara ko ta taifod ba, waɗanda ido ba ya gani. Haka nan alif yana kwantar da laka ne kurum, tafasawa kuma tana kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ta cire maganin feshi ba.

Saboda haka kariyar da ta fi araha tana gida da gona: a tara baƙin mai a galan, a zuba ruwan ɗaurayar goyon feshi a cikin gonar da aka fesa nesa da rafi da rijiya, a binne taki maimakon watsa shi, a kuma yashe kwata kafin damina ta sauka tare da kwashe abin da aka yaso, domin wanda aka tara a gefe ruwan farko ne zai mayar da shi ciki.