Ko Kun Sani?

A Turai, ƙwayar cutar da ta fi shiga jinin jarirai sabbin haihuwa ita ce Streptococcus rukunin B. A ƙasashenmu kuwa Klebsiella, Staphylococcus aureus da E. coli ne kan gaba. Binciken BARNARDS, wanda aka fara a 2015 a asibitocin ƙasashe 7, har da Asibitin Murtala na Kano, ya gano Klebsiella ta fi yawa, kuma abin takaici, sau da yawa ba ta jin magungunan ampicillin da gentamicin.

Cibiyar jariri ƙofa ce ta shigar waɗannan ƙwayoyin cuta, don haka a shafa mata maganin chlorhexidine kawai. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, a garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko babban asibitin Gashuwa a ranar.