FASHIN BAƘI: Yadda kamfanonin motocin alfarma suka mayar da hamada wajen baje koli

Da zarar zafi ya lafa a ƙasashen yankin Tekun Fasha, wato daga watan Oktoba zuwa Afrilu, shafukan Instagram da TikTok kan cika da bidiyon motoci masu tsadar gaske suna hawa tudun rairayi suna gangarowa, ƙura na tashi a bayansu. Da yawa daga cikin waɗannan hotuna ana ɗaukar su ne a wani shiri na yini guda da kamfanonin motocin alfarma da dilolinsu ke haɗa wa abokan cinikinsu: a gayyaci mai mota, a kai shi hamada, a koya masa tuƙi a cikin yashi, a ciyar da shi a ƙarƙashin tanti, sannan a mayar da shi birni kafin dare ya yi nisa.

Ga mai kallo daga nesa, nishaɗin masu hannu da shuni ne kawai. Amma shirin yana da alaƙa da kasuwar mota mafi riba a wannan zamani, da batun sauyin yanayi, da kuma yadda gwamnatocin yankin ke amfani da hamadarsu wajen gyara sunansu a idon duniya.

Waɗanne motoci ne?

Irin motocin nan ne masu tsayi da faɗi da muke kira jif, waɗanda kasuwar duniya ta sani da SUV. Asalinsu motocin aiki ne na sojoji da manoma da masu shiga daji. Lamarin ya sauya a 2002, lokacin da Porsche, kamfanin da aka sani da ƙananan motocin gudu, ya fito da Cayenne. Da sauran kamfanoni suka ga yadda ta karɓu, sai suka bi sahu: Bentley ya fito da Bentayga a 2015, Lamborghini ya gabatar da Urus a ƙarshen 2017, Rolls-Royce kuma ya kawo Cullinan a 2018.

Urus ta isa misali. Samfurinta na farko na da inji mai ƙarfin doki 650, tana iya gudun kilomita 305 a awa guda, nauyinta ya haura tan biyu, farashinta kuma ya wuce dala 200,000. Daga cikin tsare-tsaren tuƙin da kamfanin ya tanadar mata akwai wanda ya raɗa wa suna Sabbia, ma'ana yashi a harshen Italiya. A 2023 Lamborghini ya sayar da motoci 10,112, kuma fiye da 6,000 daga cikinsu Urus ne. A wannan shekarar, Cayenne da ƙanwarta Macan sun kai fiye da rabin dukkan motocin da Porsche ya sayar.

Sai dai akwai matsala. Mafi yawan waɗannan motoci kan ƙare rayuwarsu a kan kwalta, tsakanin gida da ofis da manyan kantuna. Wanda ya biya kuɗi mai yawa domin motar da za ta iya keta daji, amma bai taɓa sauka daga kwalta ba, wata rana zai tambayi kansa me ya saya. Yinin hamada amsar kamfani ce ga wannan tambaya. Gani ya kori ji.

Yadda yinin yake gudana

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wuraren da masu tuƙin yashi suka fi zuwa sun haɗa da jajayen tuddan Lahbab da ke kusa da Dubai, da Al Badayer a masarautar Sharjah, da kuma Liwa a kudancin Abu Dhabi, bakin babbar hamadar Rub'ul Khali mai faɗin kusan murabba'in kilomita 650,000. Akan fita da sassafe ko da la'asar. Da safe yashi ya fi tauri saboda sanyin dare, kuma inuwa na nuna surar kowane tudu. Da tsakar rana kuwa, haske kan shafe inuwa, direba ya kasa gane inda tudu ya yanke.

Abu na farko shi ne rage iskar taya. Tayar da ke ɗauke da awo 35 a kan kwalta akan sauke ta zuwa kusan 15, domin ta kwanta ta ƙara faɗin inda take taka ƙasa, kamar yadda tafin ƙafar raƙumi ke bajewa a kan rairayi. A nan ne ƙirar motocin alfarma ke cin karo da hamada: manyan wili da siraran tayoyin da ke ba su kyau a birni ba sa jure rage iska sosai, shi ya sa masu shiryawa kan zaɓi hanya mai sauƙi ko su sauya tayoyin.

Daga nan sai a jera ayari. Ƙwararren direba yana gaba, wani yana baya ɗauke da igiyar ja, shebur, faifan da ake shimfiɗa wa taya da injin hura iska. Kowace mota na da oba-oba, da doguwar sanda mai tuta domin a hango ta daga bayan tudu. Darussan ba su da yawa, amma sun saɓa wa abin da direban kwalta ya saba: kada a taka birki da ƙarfi, domin taya za ta haƙa wa kanta rami, kada a saki totur a tsakiyar hawa, a gangaro a miƙe, domin motar da ta karkace a gefen tudu mai gangaren kusan digiri 30 tana iya wuntsilawa, idan kuma mota ta kafe, a ɗaga ƙafa nan take, domin ƙara wuta ƙara nitsewa ne.

Me kamfani ke samu?

Ruwa ba ya tsami banza. Ko da an karɓi kuɗin shiga, ribar gaske tana wani wurin. Da farko, wanda ya ga abin da motarsa ke iyawa ya fi saurin komawa kamfanin idan sabon samfuri ya fito. Na biyu, kowane baƙo kan koma gida da bidiyo, ya watsa wa mabiyansa, ya zama mai talla ba tare da an biya shi ba. Na uku, taron kan haɗa attajirai wuri guda, kuma zama cikin irin wannan da'ira na daga cikin abin da ake saye idan an sayi motar. Land Rover ya daɗe da gane wannan, shi ya sa yake da cibiyoyin koyar da tuƙin daji a ƙasashe da dama.

Akwai kuma waɗanda kyamara ba ta cika ɗauka ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna Daular Larabawa baƙi ne, kuma 'yan ci-rani daga Kudancin Asiya da Afirka ne ke yin mafi yawan ayyukan ƙarfi, irin su kafa tanti, dafa abinci, hura taya da wanke mota. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna sukar tsarin kafala, wanda ke ɗaure zaman ma'aikaci a ƙasa da yardar ubangidansa, duk da gyare-gyaren da wasu ƙasashen yankin suka yi masa.

Abin da taya ke bari a baya

Tallan yana nuna hamada a matsayin fili marar kowa, wanda iska ke shafe sawun da aka bari a kansa kafin gari ya waye. Wannan gaskiya ne a kan tudun rairayi tsantsa. Amma tsakanin tuddai akwai filayen tsakuwa da busasshiyar ƙasa mai ɓawo, inda ciyayi da ƙananan itatuwa ke riƙe ƙasa, ƙadangaru da ɓeraye ke haƙa ramuka, tsuntsaye kuma ke ƙwai a ƙasa. Idan taya ta fasa wannan ɓawo, yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. A hamadar Mojave ta Amurka, har yau ana ganin sawun tankokin yaƙin da suka yi atisaye a can lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shara ma na da nata ɓarnar: likitocin dabbobi a Dubai sun sha ciro dunƙulen leda mai nauyin kilo da dama daga cikin matattun raƙuma.

Yankin Larabawa ya taɓa ɗanɗana abin da mota ke iya yi wa hamada. Farauta da motoci da bindigogin zamani ce ta ƙarar da maririn Larabawa daga daji a 1972, sai da aka yi kiwonsa a killace kafin a fara sake sakinsa a Oman a 1982. Irin wannan darasi na daga cikin dalilan da suka sa Dubai ta keɓe gandun hamada mai faɗin murabba'in kilomita 225 a farkon shekarun 2000, inda kamfanoni kaɗan masu lasisi ne kawai ke shiga da baƙi, kuma a kan hanyoyin da aka shata. Adalci ne a ce shirin da kamfani ya tsara, mai jagora da ƙa'ida, ya fi sauƙin ɓarna a kan ɗaruruwan motocin da ke kutsawa hamada a ƙarshen mako ba tare da sa-ido ba. Amma bidiyon na farkon shi ke jawo na biyun.

Lissafin hayaƙi

Hayaƙin da ayari guda ke fitarwa a yini ɗaya ba wani abu ba ne a ma'aunin duniya. Muhimmancin shirin yana cikin sha'awar da yake shukawa. Wanda ba zai iya sayen Urus ba zai nemi jif daidai aljihunsa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 jif-jif sun kai kashi 48 cikin 100 na dukkan motocin da aka sayar a duniya, yawansu a kan tituna ya haura miliyan 360, kuma hayaƙin kabon da suka fitar ya wuce tan biliyan ɗaya. A lissafin hukumar, da a ce ƙasa ce su, da su ne na biyar a duniya wajen fitar da wannan hayaƙi. Adadin ya ninka abin da Najeriya gaba ɗaya ke fitarwa daga man fetur da gas sau da dama.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a batun yanayi ba haka abin yake ba, domin yankin Sahel, wanda bai taka rawar a-zo-a-gani wajen ɗumama duniya ba, yana cikin waɗanda fari da ambaliya suka fi shafa. Wasu birane sun fara mayar da martani. A Fabrairun 2024 mazauna Paris suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ninka kuɗin ajiye manyan motoci masu nauyi sau uku ga masu shigowa daga wajen unguwa, ko da yake waɗanda suka fito zaɓen ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Watanni biyu kafin nan, Dubai ce ta karɓi baƙuncin taron yanayi na COP28, a ƙarƙashin jagorancin Sultan Al Jaber, shugaban kamfanin mai na Abu Dhabi.

Daga Agadas zuwa Jidda

Hoton mota na keta rairayi da ake sayarwa a yau yana da tushe a ƙasar da masu karatu da yawa suka sani. Gasar Paris-Dakar, wadda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙira, ta fara ne a Disambar 1978, kuma shekaru da dama tana ratsa Agadas da hamadar Tenere a Nijar. Porsche ya lashe ta a 1984 da 1986, kuma har yanzu yana cin gajiyar sunan: a 2022 ya fito da wata mota da ya kira 911 Dakar. Gasar ta kawo ciniki ga masu masauki da jagororin hanya, amma ta kuma yi ajalin mazauna ƙauyuka, ciki har da yara biyu a Gini da Senegal a 2006. An soke ta a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, sannan a 2020 ta sauka a Saudiyya, inda aka tashi daga Jidda.

Ga Saudiyya, gasar wani ɓangare ne na shirin Vision 2030 na rage dogaro da mai da buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido. Ga masu suka kuwa, wanke suna ne da wasanni, ganin cewa lokacin da aka yi gasar farko, Loujain al-Hathloul, wadda ta yi fafutukar a bar mata su tuƙa mota, tana tsare a kurkuku. Yinin hamada na kamfanonin alfarma ƙaramin reshe ne na wannan itace: gwamnati na samar da fili da tsaro, kamfani na kawo baƙi masu kuɗi, kowa na samun hoton da yake so.

Su kuwa direbobin Agadas da gasar ta bari, ƙwarewarsu ta tuƙin yashi ta koma jigilar masu neman zuwa Libiya da Aljeriya. A 2015 Nijar ta kafa dokar da ta haramta safarar baƙin haure, tare da goyon bayan Tarayyar Turai, aka ɗaure direbobi aka ƙwace motoci, har zuwa Nuwambar 2023 da gwamnatin soja ta soke dokar.

Darasin farko da ake koya wa baƙo a Lahbab shi ne kada ya shiga hamada sai da ruwa isasshe, da hanyar kiran agaji, da wanda zai ja shi idan ya kafe. Kuɗin shiga ne ke saya masa duka ukun. A Oktobar 2013, motoci biyu ɗauke da matafiya daga kudancin Nijar suka lalace a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Masu aikin ceto sun tsinci gawarwaki 92, mafi yawansu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe.