Biskit Mai Cakulan Na Lokacin Biki: Yadda Ake Haɗa Shi Da Abin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani

Da zarar Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, gidaje kan cika da kayan zaƙi: cincin, alkaki, nakiya, dubulan, alewa da lemon kwalba. A irin wannan lokaci masu juna biyu kan tambayi ma'aikatan awo ko za su iya cin cakulan, ko kuwa su haƙura sai sun sauka. Amsar ita ce mai ciki lafiyayya za ta iya ci, muddin ta san gwargwado. Hanya mafi sauƙi ta sanin gwargwado kuwa ita ce uwargida ta haɗa kayan da hannunta, ta san abin da ta zuba da kuma yawansa.

A wannan fitowa mun kawo muku wani ɗan kayan marmari da ba ya bukatar suya ko gashi: busasshen biskit da aka shafa wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, aka tsoma a narkakken cakulan. An fi saninsa a Amurka, inda iyalai kan haɗa shi da biskit ɗin Ritz, wanda ya shigo kasuwa a 1934, su raba wa maƙwabta lokacin Kirsimeti. Kayan haɗinsa duk ana samunsu a shagunanmu. Ga mai tsohon ciki yana da daɗin yi, domin babu doguwar tsayuwa gaban kaskon mai, babu hayaƙi, kuma babu ɗanyen ƙwai a cikinsa, wanda dama ake hana masu ciki ci.

Kayan Haɗi (na guda 20)

1. Busasshen biskit marar sukari, wanda ake kira kirakas, ƙanana guda 40.
2. Cakulan na sanda, giram 200. Baƙin ya fi mai madara ƙarancin sukari.
3. Markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa wadda ba a sa wa sukari ba, kimanin rabin kofi.
4. Man gyaɗa, ƙaramin cokali 1, idan an bukata.
5. Soyayyen riɗi ko gurzajjiyar kwakwa don barbaɗawa.

Kafin ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali ko leda. Garin koko da ake shan shayi da shi ba zai yi wannan aiki ba, domin ba ya daskarewa. A shagunan kayan kek akwai cakulan na girki da ake haɗawa da man kwakwar manja, kuma shi ya fi jure zafin ƙasarmu.

Yadda Ake Yi

1. Ki wanke hannu da ruwa da sabulu. Ki tabbata kwano, cokali da tire sun bushe sarai.
2. Ki shafa ƙaramin cokali 1 na gyaɗa a kan biskit ɗaya, ki rufe da wani, ki ɗan danna. Haka za ki yi har ki sami guda 20.
3. Ki ɗora ruwa kaɗan a tukunya ya yi zafi, sannan ki rage wuta sosai. Ki kakkarya cakulan a kwanon ƙarfe, ki ɗora kwanon a bakin tukunyar yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba. Tururin ne zai narkar da shi.
4. Ki riƙa juyawa a hankali har ya narke. Idan ya yi kauri da yawa, ki ɗiga man gyaɗa kaɗan. Kada man ya yi yawa, domin zai hana shi daskarewa da kyau.
5. Ki tsoma rabin kowane biskit kawai, ki bari ragowar cakulan ya ɗiga cikin kwano, ki jera a tiren da aka shimfiɗa wa takardar kek ko tsabtatacciyar leda.
6. Ki barbaɗa riɗi ko kwakwa tun bai bushe ba, ki sa a firiji na minti 20 zuwa 30.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ruwa ya shiga cakulan. Ɗigo kaɗan ya isa ya dunƙule shi ya koma kamar tsaki. Haka nan idan aka ɗora shi kai tsaye a wuta, ƙonewa zai yi ya yi ɗaci.

Cakulan yana narkewa ne a zafin da bai kai na jikin mutum ba, shi ya sa a watannin bazara ba ya daskarewa sai da firiji. Idan babu wutar lantarki, a sa tiren a rufe a kan ƙanƙara cikin kula. Da hunturu kuwa, a yi aikin da dare ko da asuba, sanyin ɗaki ya wadatar. A adana shi a mazubi mai murfi a wuri mai sanyi, a cinye cikin mako guda. Farin hazon da kan fito a kan cakulan bayan ya narke ya sake daskarewa ba fumfuna ba ne, man koko ne ya taso. Amma idan gyaɗar ta canza wari ko ɗanɗano, a zubar.

Maganar Sukari

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Ga babban mutum wannan ya kama kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa idan aka rage zuwa rabin haka ya fi.

To, bari mu yi lissafi. Idan aka raba giram 200 na cakulan a kan guda 20, kowane biskit ya sami giram 10. Kusan rabin nauyin cakulan mai madara sukari ne, don haka guda ɗaya na ɗauke da kimanin giram 5, ɗan sama da ƙaramin cokali 1. Guda biyu ba su da yawa. Amma kwalbar lemo ɗaya kan ƙunshi sukarin da ya kai cokali 8 zuwa 9. Idan aka sha biyu, an wuce ƙa'idar yini tun ba a taɓa cincin ba. Saboda haka guda biyu a rana sun ishe ki, ki ci su bayan abinci, ki kora da ruwa maimakon lemo.

A gidaje da yawa ana cewa mai ciki abincin mutum biyu take ci. Gaskiyar magana, ƙarin da jiki ke bukata kaɗan ne, kuma a watannin baya ne. Abin da jariri ke nema shi ne wake, kifi, nama, dafaffen ƙwai, ganyaye irin su zogale da alayyafo, da 'ya'yan itatuwa. Kayan zaƙi ba sa maye gurbinsu.

Ciwon Sukari Na Lokacin Ciki

Wasu mata kan sami hauhawar sukari a jini a lokacin goyon ciki, ko da ba su taɓa yin ciwon ba. Dalili shi ne mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage ƙarfin insulin, wanda shi ne ke shigar da sukari daga jini zuwa sassan jiki. Sau da yawa mace ba ta jin komai, sai gwaji ya nuna. Ana yin gwajin ne tsakanin mako na 24 da na 28: a ɗebi jini kafin ki karya, a ba ki ruwan sukari giram 75 ki sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da kuma awa biyu.

Idan ba a kula da shi ba, jariri kan yi girman da ya wuce kima, naƙuda ta yi wuya, kafaɗarsa ta maƙale, ko a kai ga tiyata. Bayan haihuwa kuma sukarin jinin jaririn na iya faɗuwa. Waɗanda ya kamata su fi kula su ne masu ƙiba, waɗanda iyayensu ko 'yan'uwansu ke da ciwon sukari, wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye, da wadda aka taɓa samun ciwon a cikinta na baya.

Idan an riga an ce kina da shi, kada ki ci wannan biskit sai kin tambayi likita ko mai ba da shawarar abinci. Ko biskit ɗin da babu zaƙi a baki, da farar fulawa aka yi shi, kuma tana komawa sukari da sauri a cikin jini. Ki tafi awo da jerin abin da kike son ci a biki, a tsara miki. Kada ki daina shan magani ko yin allura saboda hidimar Sallah.

Kafeyin, Goro Da Maganin Ƙarin Jini

Cakulan na ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke ratsa mabiyiya ya kai ga jariri. Likitocin mata a Amurka da Ingila sun ba da shawarar kada mai ciki ta wuce miligiram 200 a rana. Giram 50 na baƙin cakulan ba ya kai miligiram 25, don haka biskit biyu ba abin damuwa ba ne. Inda ake taruwa shi ne a shayi, wanda babban kofi ɗaya kan kai miligiram 75, da kofi na gwangwani mai kusan 100, da baƙin lemo, da kuma goro, wanda ake yawan rabawa lokacin biki. Mai ciki ta kauce wa lemon ƙara kuzari baki ɗaya.

Shayi da koko da madara suna rage yadda hanji ke tsotsar sinadarin ƙarfe. Don haka kada ki haɗiyi maganin ƙarin jini da su. Ki sha shi da ruwa, ko tare da lemon zaƙi ko gwaba, ki bar tazarar awa biyu kafin shayi ko cakulan.

A Kula Da Gyaɗa

Mai ciki ba ta da dalilin guje wa gyaɗa, sai dai idan dama jikinta ba ya karɓarta. Haɗarin yana ga gyaɗar da ta sha laima ta yi fumfuna, domin tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Ki sayi busasshiyar gyaɗa, ki tsince baƙaƙe, motsattsu da waɗanda ƙwari suka huda, ki soya, ki kai markaɗe a tsabtataccen inji. Idan a gidan akwai wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, a yi nasa da markaɗaɗɗen dabino ko a tsoma biskit zalla, a kuma sanar da baƙi abin da ke ciki.

Laulayi, Ƙwannafi Da Haƙora

Ki ware wasu biskit ba tare da kin tsoma su ba. Cin guda biyu ko uku kafin ki tashi daga shimfiɗa da safe na taimaka wa masu laulayi. Idan kuwa amai ya hana komai zama a cikinki har tsawon yini guda, ki zo asibiti.

Cakulan da maiƙo suna sassauta bakin tumbi, shi ya sa suke tayar da ƙwannafi, musamman a watanni ukun ƙarshe. Kada ki ci daf da kwanciya. Haka kuma ciki kan sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini, don haka ki goge baki sau biyu a rana da man goge baki. Bayan amai ki kurkure baki da ruwa, ki ɗan jira kafin ki sa buroshi.

Rabon Yara

Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a lasa masa cakulan. Wanda bai kai shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma. 'Yan ƙasa da shekara 2 ya fi kyau a nisanta su da kayan zaƙi. 'Yan ƙasa da shekara 5 kuwa kada a ba su ƙwayar gyaɗa, domin tana iya shaƙe su. Yara su ci a zaune, babba na kallo.

Ga Maigida Da Sauran 'Yan Gida

Hidimar biki tana da nauyi. A taya ta aiki, a bar ta ta huta, kada a matsa mata ta ɗanɗana duk abin da aka kawo don gudun ɓacin ran mai kawowa. A kuma tanadi abin hawa da kuɗin mota tun kafin hutu.

Wasu alamomi kan fito lokacin biki a ɗauka abinci ne ya jawo su. A garzayo asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi.
2. Kumburin fuska da hannaye.
3. Ciwo mai tsanani a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Wannan na iya zama alamar hawan jini mai kawo jijjiga, ba ƙwannafi ba.
4. Zubar jini ko fashewar ruwa.
5. Raguwar motsin jariri.
6. Zazzaɓi, ko amai da gudawa.

Ɗakin haihuwa da sashen gaggawa ba sa rufewa ranar Sallah ko Kirsimeti, dare da rana akwai ma'aikata. Idan ranar awonki ta faɗa cikin hutu, ki tambayi ma'aikaciyar jinya ranar da za ki dawo, ki kuma riƙe katin awonki duk inda za ki yawon gaisuwa.

Allah Ya sa a yi bukukuwa lafiya, Ya sauki masu juna biyu lafiya.