Tauraro Mai Abokin Zama da Wahalar Gano Duniyoyinsa

Ranarmu ita kaɗai take zaune da duniyoyinta, shi ya sa mutane da yawa suke zaton haka kowane tauraro yake. Ba haka ba ne. Kimanin rabin taurarin da suka yi kama da Rana suna da abokin zama, wato wani tauraro da suke kewaya juna da shi saboda ƙarfin ja da ke tsakaninsu. Ido yana ganinsu ɗigo guda, alhali kuwa biyu ne ko fiye. Wannan abokin zama ya sha ba masana ilmin taurari wahala, kuma babu labarin da ya fi nuna haka kamar na tauraron nan Gamma Sefiyi.

Tauraron yana can wajen arewa, nisan da haske ke ɗaukar shekara 45 kafin ya iso gare mu. Wani sunansa Errai, daga kalmar Larabci mai ma'anar makiyayi.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san yadda ake gano duniyar da ba a iya gani. Idan babba ya riƙe hannun yaro suna juyi, yaron ne ke zagaya da nisa, amma shi ma babban yana ɗan tangaɗi. Haka tauraro ke yi saboda duniyarsa. Sa'ad da ya matso wajenmu haskensa kan ɗan karkata zuwa shuɗi, in ya ja da baya ya karkata zuwa ja, kamar yadda ƙarar mota ke sauyawa in ta wuce mutum. Tangaɗin ƙanƙane ne ƙwarai: Mushtari, duk girmansa, yana motsa Rana da gudun mita 12 da ɗoriya kacal a daƙiƙa. Tauraro abokin zama kuwa yana iya motsa ɗan'uwansa da gudun dubban mita a daƙiƙa. Neman duniya a irin wannan wuri kamar neman jin raɗa ne a tsakiyar kasuwa.

A shekarar 1988 masana uku daga Kanada, Bruce Campbell da Gordon Walker da Stephenson Yang, suka bayyana cewa sun ga alamar tangaɗi a Gamma Sefiyi wanda ke maimaituwa bayan shekara biyu da rabi ko sama da haka kaɗan. Sai dai kafin su ga wannan alama, dole suka fara cire babban motsin da abokin zaman ke haddasawa, ga shi a lokacin ba a san tsawon zagayensa ba. Aka kuma yi shakkar ko juyawar tauraron kansa ce ke yaudararsu. A 1992 Walker da abokan aikinsa suka janye maganar duniyar. Shekara uku bayan haka Michel Mayor da Didier Queloz na Suwizalan suka gano duniya a kewayen tauraron 51 Pegasi, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 2019.

Ashe mutanen Kanada sun yi daidai. A 2003 Artie Hatzes da William Cochran da wasu suka haɗa tsofaffin awo da sababbin da aka yi a cibiyar McDonald ta Teksas, suka tabbatar da duniyar. Nauyinta ya kai kusan ninki biyu na Mushtari in an ƙaddara kaɗan, tana kammala zagaye cikin kwana 900 da 'yan kai. Daɗewar awon ce ta ba da damar ware jan abokin zaman, wanda ke ɗaukar fiye da shekara 60 kafin ya zagayo. Tun 2015 sunan duniyar Tadmor.

Abin mamakin shi ne yadda ta samu ma tun farko. Duniyoyi suna tasowa ne daga faifan ƙura da iska da ke kewaye da jaririn tauraro, inda ƙananan duwatsu ke mannewa da juna sannu a hankali. Abokin zama na kusa yakan datse gefen faifan, ya rage kayan ginin, sa'an nan ya hargitsa duwatsun har su riƙa karo da ƙarfi suna farfashewa maimakon su haɗe. Abokin Gamma Sefiyi yana nisa kamar ninki 20 na tazarar Rana da duniyarmu, wato kusan inda Yuranus yake, kuma yakan matso har ninki 12. Duk da haka ga ƙatuwar duniya a ninki 2. Binciken da Adam Kraus ya jagoranta a 2016 ya nuna cewa taurarin da abokinsu ke ƙasa da ninki 50 suna da duniyoyi kamar sulusin na sauran taurari. Tadmor ke nan tana cikin tsirarun da suka tsira.

Abokin da ke nesa ma bai bar duniya ta sake ba. A hankali yakan miƙe hanyarta ta koma kamar ƙwai. Ana ganin haka ne ya faru da HD 80606 b, wadda cikin kowane kwana 111 take faɗawa dab da tauraronta ta sake ficewa can nesa.

Akwai kuma wata yaudara da ta shafi hanyar awo ta biyu, wadda na'urar Kepler ta yi amfani da ita daga 2009. Idan duniya ta gifta gaban tauraronta, haskensa kan ragu. Mai girman Mushtari takan rage kashi 1 cikin 100 na tauraro irin Rana. To, in akwai aboki mai haske daidai da shi wanda na'urar ba ta rarrabe ba, raguwar za ta bayyana rabi, sai a ɗauka duniyar ƙarama ce. Ɗalibi zai iya lissafa wannan da kansa: raguwar haske tana bin murabba'in faɗin duniya, saboda haka ainihin faɗin ya fi wanda aka auna da ninki 1.4. Wannan bambanci ya isa a kira duniyar iska da sunan duniyar dutse. Shi ya sa in an samu alamar sabuwar duniya, akan koma da manyan madubai na ƙasa a leƙa ko tauraron yana da wani a kusa da shi. Abokin Gamma Sefiyi kansa sai a 2006 aka ɗauki hotonsa, da madubin Subaru da ke Hawai.